Wane ne editan shafin intanet, kuma yaya ake biyansa?

Sanarwar ɗaukar ma'aikata a kafafen labarai ta cika da neman editan shafin intanet. Shi ne wanda rubutu ke bi ta hannunsa kafin ya fita ga jama'a, ko a jarida irin Aminiya, ko a shafin banki ko na jami'a.

Aikinsa ya wuce gyaran nahawu. Yana tantance sunaye da alƙaluma, ya rubuta kanun labari, ya zaɓi hoton da aka mallaki izininsa, sannan ya loda a manhajar wallafa irin WordPress, wadda sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke amfani da ita. Dole kuma ya san kalmomin da mutane ke nema a Google, ya sa su a kanun ba tare da yaudarar mai karatu ba. Nan ne ake gane gwani, domin kanun ƙarya na jawo jama'a yau, gobe ya kore su.

Biyan kuwa iri biyu ne: albashin wata, ko kuɗi kan kowane rubutu. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun 2024, amma bai shafi mai karɓar kuɗi kan kowane rubutu ba, wanda sau da yawa shi ke sayen data da man janareta. Mai yi wa kamfanonin waje aiki daga gida yakan karɓi dala.

Nauyin ma ba ƙarami ba ne. A Najeriya an sha tsare 'yan jarida ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, don haka ya kamata ladan ya yi daidai da kasadar.