'Yan matan da ke tsefe furfura a Geceme

Abin da ya kai ni Geceme tambaya ce kan ruwa: idan rani ya yi, majiya ƙarfi suka tafi cin rani Najeriya ko Kwatano ko Abijan, wa ke ɗebo wa tsofaffin da aka bari a gida? Karkarar tana cikin Dallol Mawuri, ƙarƙashin Tibiri da aka yanko daga Dogondutsi a 2011, kuma ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu ɗari a cikinta. Babu gidan ajiye tsofaffi a nan. A ƙasar Arewa tsoho a ɗakinsa yake tsufa.

An yi mini maraba da fura, sannan na nufi rijiya. Can na tarar da 'yan mata uku 'yan kwaleji, ɗaya ta soke mataji a ɗankwali, wata riƙe da ƙullin lalle da man kaɗe. Ruwan da suke ɗiba na wankin kan wata tsohuwa ne da ba su haɗa dangi da ita ba. Haka suke yi ranakun da babu makaranta: su tsefe, su wanke, su yi kitso, su yanke farce, su goge kaushi. Ba wanda ya aike su, ba kuma a biyansu.

Tsohuwar na zaune kan tabarma bakin rumbu. 'Ya'yanta maza biyu suna aiko da kuɗi, surukarta na aiko da tuwo safe da dare. Ba ta da yunwa. Amma kafaɗunta sun daina ɗaguwa, hannu ba ya kaiwa ka, surukar kuma ga daka, ga goyo, ga lambu a fadama.

"Ɗiyata ta yi aure nesa," in ji ta. "Tun da ta tahi, kaina ya dunƙule kamar saƙar gizo. Sai na bar zuwa suna, na bar zuwa biki, kada ɗankwali ya zame a gani. Ni da nike yi wa amaren garin ga doka!"

Ta ce mutane sun ɗauka ƙafa ce ta hana ta fita, ita kuwa kunya ta hana ta faɗi. Wa za ta ce wa kanta na ƙaiƙayi? Wannan ya tsaya mini a rai. Mun iya ciyar da tsofaffinmu, muna alfahari da hakan, kuma ya dace. Sai dai akan kai kwano a ajiye, a gaisa daga tsaye, a juya, tsohuwa ta yi watanni hannun kowa bai taɓa jikinta ba.

Babbar cikin 'yan matan ta sa kan tsohuwar a cinyarta tana tsaga da tsinke. "Kaka, ki daina motsi." "To, kishiyata, ja a hankali, gashin ba yawa gare shi ba." Cikin hira tsohuwar ta ba su labarin Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa sojojin Faransa a 1899, yadda ta ji shi daga bakin kakarta, ta kuma gyara wa yarinyar riƙon gashi. Da aka gama, aka sa mata kwalli, aka ƙunsa mata lalle a ƙafa, ta ce a gaya wa maƙwabta za ta zo sunan jibi.

Tsofaffi maza suna da wanzami da inuwar masallaci. Matan ne ke ɓacewa cikin ɗaki. Aikin 'yan matan kuwa bai da tabbas. Da damina ta faɗi, 'yan matan gona za su nufa, shukar hatsi da wake da gujiya. Babbarsu tana fatan cin jarrabawa ta wuce gaba da karatu, ɗaya kuma an riga an kawo kayan aurenta. Shi ya sa suka fara jan ƙannensu biyu, 'yan firamare, waɗanda a yanzu tsifa kaɗai aka yarda su yi.