Kiwon Lafiya Lokacin Bazara

An shirya wannan 'yar takarda ne domin hakiman ƙasar Katsina da malamansu, da fatan za a karanta ta a gaban dagatai da masu unguwa ran da suka taru, tun zafi bai kankama ba.

Mutanen Turai suna da wani lokaci na shekara da su ke murna da shi ƙwarai, watau daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da ƙanƙara ta narke, itatuwa suka soma tofo. A lokacin nan ne su kan buɗe tagogi, su share gidaje, su fita fili suna motsa jiki, bayan sun daɗe a ƙunshe saboda sanyi. In ka tambayi ɗan makaranta sunan wannan lokaci da Hausa, sai ya ce maka bazara. Watannin dai ɗaya ne, itatuwanmu ma su kan yi tofo tun ruwa bai sauka ba, amma kamar iyakarta nan. Tasu bazarar sauƙi ce bayan wuya, tamu kuwa ita ce wuyar da kanta. A birnin Katsina zafin rana cikin Afrilu ya kan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Rijiyoyi su ja baya, rumbu ya yi ƙasa, ruwan sama kuwa ba a sakankancewa da shi sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Saboda haka ba za mu ɗauko shawarar da aka rubuta wa mutumin Ingila mu ɗora wa mutumin Kaita ko na Mashi ba, sai mun tankaɗe ta tukuna.

Sankarau

Babban abin tsoro a wannan lokaci shi ne sankarau. A shekarar 1963 wani likita Bafaranshe, Lapeyssonnie, ya nuna cewa cutar tana da yankinta a Afirka inda ta fi yin ɓarna. Yankin ya miƙe daga Sanagal har Habasha, ƙasashe 26, Katsina kuwa tana tsakiyarsa.

Ga yadda abin ya ke. Ƙwayar cutar tana zama a hanci da maƙogwaron mutum, kuma cikin mutum goma a kan sami wajen ɗaya da ya ke ɗauke da ita, shi kuwa lafiyarsa lau, bai ma sani ba. To, hunturu ya kwashe wata uku yana hura wa mutane ƙura da busasshiyar iska, har cikin hanci ya tsattsage. Ta nan ne ƙwayar ta ke samun ƙofa ta shiga jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Daga wani zuwa wani kuwa, tari da atishawa ne ke kai ta, balle inda mutane da yawa suka kwana ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, tagar kuma an toshe ta da tsumma tun lokacin ɗari ba a tuna an cire ba. Shi ya sa ta ke farawa cikin hunturu, ta yi tsanani cikin Maris da Afrilu, sa'an nan da iska ta yi laima, ruwa ya sauka, sai ta lafa kamar an yi mata tsawa.

Dattawa ba su manta da shekarar 1996 ba. A shekaran nan mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, yawancinsu a nan Arewa. A 2010 aka fito da wata allura mai suna MenAfriVac, wadda aka yi a Indiya, aka fara da Burkina Faso da Mali da Nijar. Ta iso Nijeriya a ƙarshen 2011, Katsina kuwa tana cikin jihohin farko da aka yi wa. Allurar ta yi aiki, domin irin ƙwayar da ta yi ɓarnar 1996, wadda likitoci ke kira A, ta kusan ɓacewa sarai. Amma ƙwayar iri-iri ce. Daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 wani irin, mai suna C, ya ɓulla a Zamfara, ya shiga Sakkwato da Katsina, ya kama fiye da mutum 14,000, fiye da 1,100 suka rasu. Mutane da yawa suka ce ai an yi musu allura, yaya aka yi haka? Amsar ita ce allurar farko iri ɗaya kaɗai ta ke karewa. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma aiki da sabuwar allura mai kare iri biyar gaba ɗaya. Lalle ne malamai su riƙe wannan bayani, domin za a yi musu wannan tambaya a ƙauye, in kuwa ba su da amsa, masu jita-jita suna da tasu.

Alamun cutar su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da amai, da sanƙarewar wuya, da ƙin haske. Jariri wuyansa ba lalle ne ya sanƙare ba. A duba maɗigarsa ko ta kumbura, ko ya ƙi nono yana ta kuka. Sankarau tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya, kuma cikin biyar da suka tashi, wajen ɗaya ya kan tashi da kurumta ko wata naƙasa. Akwai maganinta a asibiti in an je da wuri. Abin da ke cin mutane shi ne kwana biyun nan da a ke ɓatawa a gida, ana ƙaho a ƙeya, ana turare, ana jiran a ga yadda za ta kwana. Ba mu raina wanzami ba, yana da aikinsa, amma wannan ba nasa ba ne.

Abin da hakimi zai iya yi ba ya cin kuɗi. A umurci masu unguwa su zaga su ga an buɗe tagogi. A bar mutane su kwana tsakar gida ko kan soro, cikin gidan sauro. A yi magana da malaman tsangaya cikin girmamawa, domin zauren da almajirai talatin ke kwana ciki shi ne inda cutar ta fi son sauka. Ƙyanda ma a wannan lokaci ta ke yawo, maganinta kuwa allura ce a wata 9 da haihuwa, da ta biyu a wata 15.

Zafi da ruwa

Zafi shi kansa yana kisa, ko da ya ke ba a cika rubuta sunansa a littafin mutuwa ba. A farkon Afrilu na 2024 zafi ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali, wani babban asibitin Bamako kuwa ya ƙirga gawa fiye da 100 cikin kwana huɗu, yawancinsu tsofaffi. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, saboda haka ba a jiran sai ya nema, kai masa a ke yi. Haka mai ciki, da mai goyo, da ƙananan yara. Hanya mai sauƙi da mutum zai san ko ruwan jikinsa ya isa ita ce ya dubi fitsarinsa: in ya yi kaɗan, ya yi ja, to, jiki yana bin bashi. Wanda ya faɗi cikin rana, jikinsa zau, yana sambatu, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa ana fifita, a nufi asibiti da shi.

Kakanninmu ba su bar mu hannu banza ba wajen wannan. Farau-farau, da kunun tsamiya, da fura da nono, da ruwan randa, duk sun dace da lokacin, sun kuma fi lemon kwalba nesa ba kusa ba. Mangwaro ma yanzu ya ke nuna. A wanke shi, a bar yara su sha. Daga 2020 zuwa 2024 azumi ya yi ta faɗowa tsakiyar bazara, mutane kuwa sun koyi cewa ruwan da aka sha kaɗan-kaɗan daga buɗa baki zuwa sahur ya fi wanda aka kwankwaɗa gaba ɗaya gab da asalatu. Darasin nan yana da amfani ko ba azumi. Aikin gona kuma, sharar nan da kai taki, a yi shi da sassafe zuwa hantsi, a koma bayan la'asar.

Motsa jiki

Ranku ya daɗe, a nan maganar ta zo kanku, da mu malamai. Talakan da ke sassabe ba ya bukatar a ce masa ya motsa jiki. Amma hakimin da ya kan yi rangadi bisa doki, ya kwana uku yana zaga ƙauyuka, na yanzu kuwa daga zaure sai mota, daga mota sai kujera. Malaminsa ya wuni a duƙe kan takarda. Ga tuwo da nama ba su ragu ba. Ƙarshen wannan zama shi ne teɓa, da hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon baya. Katsina kuwa ba baƙuwa ba ce wajen wasan motsa jiki, domin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa ƙwallon dawaki a nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara a wasan har ƙasashen waje.

Mutanen Indiya suna da wata hanya ta hora jiki da su ke kira yoga, wadda ta daɗe ƙwarai a wurinsu. Mutum ya kan shimfiɗa tabarma, ya miƙa gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kowane hali na ɗan lokaci, yana jan numfashi a hankali yana saki. Abin ya bazu duniya, har a watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa ranar 21 ga Yuni ta kowace shekara. Ba za mu ɓoye ba, asalinsa yana haɗe da addinin Hindu, akwai kuma kalmomin bauta da wasu ke maimaitawa a ciki. Majalisar malaman Indunusiya ta duba al'amarin a 2009, ta hana Musulmi irin mai haɗe da bauta, ta bar wanda ya ke motsa jiki ne zalla. Hukunci a nan na malamanmu ne, ba na ofishin watsa labarai ba. Abin da za mu ce kawai shi ne, likitoci sun ga amfanin miƙar da numfashin wajen ciwon baya da kwanciyar hankali, kuma miƙa da numfashi ba mallakar wata ƙasa ba ne. Wasa ne da ya dace da bazara, tun da ba gudu, ba tsalle, a inuwa a ke yinsa.

Wanda ya ke so ya gwada, bayan asuba, kafin ya karya, ya tsaya ya ɗaga hannuwa sama ya yi miƙa sosai, ya karkata dama, ya karkata hagun. Ya zauna ya miƙe ƙafafu, ya sunkuya a hankali yana neman yatsunsa, iyakar inda jiki ya yarda. Ya kwanta rigingine ya jawo gwiwoyi zuwa ƙirji. Sa'an nan ya zauna ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake shi yana ƙirga shida, kamar sau goma. Minti goma sun isa. In wani wuri ya yi zafi a bari. Tsayuwa da ka, wadda a ke gani a hoto, ba ta dattijo ba ce, mai hawan jini kuwa kada ya kusance ta.

Amma ni a ganina tafiya ƙasa ta fi duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki kowane mako, watau rabin sa'a sau biyar. Mutumin birni ya tashi daga Ƙofar Soro da sanyin safiya ya nufi Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa, ya yi kwata yana tafiya da ɗan sauri, ya juyo. Na san za a ce bai kamata a ga mai rawani yana yawo a ƙasa ba. To, ya zaga cikin gidansa, ko ya bar motar nesa da gona ya ƙarasa da ƙafa, ya ga aikin da idonsa. A riƙa zuwa ana auna jini kuma, domin hawan jini ba ya sallama.

Kafin ruwan fari

Ruwan fari ya kan kwashe duk ƙazantar rani ya zuba a rijiya da kududdufi, daga nan sai amai da gudawa. Saboda haka cikin Afrilu da Mayu ne za a yi gayya a yashe kwatoci, a kwashe juji a kai gona, a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, a duba shaddar da ke kusa da ita. Kada a ce ba za a iya ba: kurkunu ya taɓa kwantar da dubban manoma kowace damina, amma da tace ruwa da sa idon masu gari aka gama da shi, har a 2013 aka tabbatar babu shi a Nijeriya. Kowace uwa ta san haɗin ruwan gishiri da sukari: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Cikin damina kuma ma'aikata za su bi gida-gida wata-wata da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ana roƙon masu unguwa su yi musu jagora.

Ga malaman hakimai kuwa, ana so daga yanzu har ruwa ya zauna kowane mai unguwa ya riƙa kai wa dagacinsa labarin duk wanda ya kwanta da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko yaro mai ƙuraje, ko wanda ya rasu farat ɗaya. Malami ya rubuta suna, da shekaru, da unguwa, da ranar da ciwon ya fara. Ko mutum ɗaya ne, kada a jira rahoton ƙarshen wata. A buga waya ga jami'in lafiya na Ƙaramar Hukuma a ranar, sa'an nan takarda ta biyo baya.