Babur Mai Gudun Kilomita 300: Ina Zai Taka a Ƙasar Kurfai?

Duk saurayin da ke da wayar hannu a Filinge ta ƙasar Kurfai ya taɓa ganin bidiyon manyan babura, matuƙi ya kwanta bisa tanki, ƙararsu kamar ta jirgi. Gardamar majalisa kuwa ba ta ƙarewa: wanne ya fi, Ninja ko R1?

Baburan nan iri biyu ne, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai na titi, masu fitila da madubi da lamba, kamar Yamaha R1 da ya fito a 1998 da Fireblade na Honda da ya riga shi tun 1992. Injin R1 na yau cc 998 ne, ƙarfinsa ya kai na doki 200. Suzuki Hayabusa na 1999 ya zarce kilomita 300 a awa, har kamfanonin suka ji tsoron hukumomin Turai, suka amince a tsakaninsu su taƙaita gudun baburan kasuwa a 299.

Na tsere kuma duniyarsu daban. Kawasaki Ninja H2R, mai ƙarfin doki sama da 300, ba a yarda ya hau titin jama'a ba. Da shi Kenan Sofuoglu, ɗan ƙasar Turkiyya, ya taɓo kilomita 400 a kan gadar Osman Gazi a 2016, kafin a buɗe ta ga jama'a. A gasar MotoGP, Brad Binder na Afirka ta Kudu ya yi 366.1 a Mugello ta Italiya a 2023. Tayoyin waɗannan babura sumul suke, ba zane, kuma sai an ɗumama su kafin su kama kwalta. Birkinsu ma sai ya yi zafi yake ci da kyau. Ko R1 ɗin, tun 2025 Yamaha ba ta sayar da shi a Turai sai don filin tsere.

To a ɗauko irin wannan dabba a kawo ta hanyar RN25, wadda ta taso daga Yamai ta bi Baleyara zuwa Filinge, tafiyar kilomita kusan 180. Akuya na tsallakawa, amalanken jaki na gefe, iska ta zubo rairayi a kan kwalta. Da an sauka titi aka nufi ƙauyukan Dallol Bosso kuwa, magana ta ƙare. Cikin R1 bai wuce santimita 13 daga ƙasa ba, tayarsa mai faɗi iyo take yi a yashi, ga kan babur ɗin can ƙasa, matuƙi a duƙe, wuyan hannu da baya suna shan azaba. Injinsa na son tataccen mai, ba na kwalba da ake sayarwa bakin hanya ba. In na'urar kwamfutarsa ta yi gardama, bakaniken da ya ƙware da kwance ƙananan babura irin Kasea ko Boxer ba shi da kayan auna ta.

Shi kuwa ƙaramin babur na ɗan kabu-kabu, mai cc 100 ko 125, yana ɗaukar mutum biyu da buhun hatsi, kayan gyaransa na nan a kasuwa, lita ɗaya ta kai shi nesa.

Abin sha'awa, ƙasar Nijar ta san tseren babur na gaske tun da daɗewa. Gasar Paris-Dakar ta farko, a 1979, ta ratsa Agadas da Yamai, kuma Bafaranshe Cyril Neveu ne ya cinye ta a kan Yamaha XT500, babur mai silinda ɗaya da ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na R1 ba. Tsayinsa, da tayoyi masu ƙaya, da dogon shokazoba ne suka ba shi nasara. In ana neman babur na wasa da ya dace da ƙasar Kurfayawa, zuriyar XT500 ce, irin su Yamaha Ténéré 700, wanda sunansa ma daga hamadar Nijar aka aro shi.

Akwai kuma abin da ya fi yashi nauyi. Saboda 'yan bindiga da ke kai hari a kan babura, hukumomi sun hana hawan babur dare da rana a sassan jihar Tillaberi, inda Filinge take, a Janairun 2020. Manomi da ɗan kasuwa da mai kai mara lafiya likita ne suka fi jin jiki, domin a karkara babur shi ne motar talaka.

Ga matashin Filinge da ya tara kuɗinsa, shawara ita ce ya bar Ninja a cikin waya. Ya nemi babur mai tsayi da bakaniken garinsu ya san cikinsa, ya sayi hular kwano tun ranar farko, kuma ya tambayi dokar da ke aiki a yankinsu kafin ya ta da inji.