Koyon ɗinkin shabka: a ƙirga kafin a yanka

A ranar 31 ga watan Maris na shekarar 2021 aka rufe mahaƙar COMINAK ta Akokan, wadda ta fara fitar da yuraniyam tun 1978. Gidaje da dama a Akokan da Arlit sun rasa albashin da suke dogara da shi. Saboda haka sana'ar hannu ta ƙara daraja. Ga wata wadda jarinta bai wuce allura da zare da ƙyalle ba, wato ɗinkin shabka.

Mene ne shabka?

Kalmar daga Larabci ta fito, ma'anarta raga. Ado ne mai ƙananan tagogi, wanda ake yi a jikin tufa. Maɗinki yakan zare waɗansu zaruruwa daga ƙyallen, sannan ya ɗaure waɗanda suka rage har su zama kamar raga. Birnin Zariya ya shahara da wannan aiki a kan babbar riga. A da aikin maza ne, amma yanzu mata da yawa suna yin sa a cikin gidajensu.

Kayan aiki

A nemi farin ƙyallen auduga mai kaurin saƙa, wanda ido ke iya ganin zarensa ɗaya bayan ɗaya. Shadda ba ta dace da mai koyo ba, domin zarenta ya cika siriri. A wanke ƙyallen tukuna, saboda auduga takan tsuke in ta sha ruwa. A tanadi ƙaramin almakashi mai kaifi, da allura marar tsini, wadda za ta bi tsakanin zare ba tare da ta tsaga shi ba. Idan babu, a goga bakin allura a kan dutse.

Darasin farko

Kowane ƙyalle yana da zare iri biyu: na tsaye da na kwance.

1. A yanki ƙyalle mai santimita 20 a kowane gefe, a dunƙule bakinsa da ɗinki don kada ya warware.
2. A ƙirga zaren kwance 20 daga sama. A ɗaga na 21 da bakin allura, a ja shi a hankali har ya fita.
3. A zare 3 da ke biye da shi. Yanzu an sami hanya wadda zaren tsaye kaɗai ya rage a cikinta.
4. A ɗebi zaren tsaye 4 da allura, a kewaye su, a ja su haɗu kamar damin gero. A soka allura a bakin hanyar don damin ya zauna. A ci gaba huɗu-huɗu har ƙarshe.
5. A juya ƙyallen, a ɗaure ɗaya bakin hanyar. Adon zai fito kamar tsani.

Wanda hannunsa ya faɗa da tsani, sai ya shiga raga. A nan akan fara tsare gefen wurin da ɗinki mai ƙarfi. Bayan haka a yanke zare 4, a bar 4, a tsaye da kwance, sannan a naɗe waɗanda aka bari.

Inda ake yin ɓarna

Ɗinkin da ya karkace ana iya warware shi. Zaren da aka yanke kuwa ba ya komawa. Kuskuren zare ɗaya yana iya lalata aikin mako guda, da yadin da aka saya da guminka. Don haka a ƙirga sau biyu kafin almakashi ya taɓa ƙyalle. Wanda ya koyi rubutu ya rubuta lissafin kowane ado a littafinsa, ba sai ya dogara da tuni ba.

Kula da lafiya

A yi aikin da hantsi ko da la'asar, a inuwa mai haske. Ɗinki da dare a hasken fitila yana gajiyar da ido. A riƙa ɗaga kai ana duban nesa, ana miƙe baya. Wanda ya haura shekara 40, idan zare ya fara yi masa dishi-dishi, ya je asibiti a gwada masa tabarau. A wanke hannu kafin a fara, a kuma adana aikin a cikin kwano mai murfi, domin ƙurar Arlit ba ta barin farin ƙyalle. Allura da almakashi a nisanta su daga yara.

Ƴan uwa, kada a fara da riga. A fara da hankici, sannan rigar matashin kai, sannan wuyan rigar yaro. Duk abin da aka gama, a kai wa gwani ya duba kafin a kai kasuwa. Mai haƙuri yakan dafa dutse.