Ciwon Baƙin Ciki na Mai Jego

'Yan'uwa manoma na ƙasar Tasawa da ta Mayahi, a wannan karo mu ɗan ajiye zancen iri da taki, mu duba cikin gida.

Mace ta haihu lafiya, an yi suna, jama'a sun watse. Sai ka gan ta shiru, tana kuka ba dalili. In a kwanakin farko ne, ba abin tsoro ba ne, yakan wuce kafin sati 2. In ya zarce haka, to ciwo ne. Ba lalaci ba ne, ba kunyar ɗan fari ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana samun irin wannan damuwa bayan haihuwa.

Ga alamunsa:

1. Barci ba ya ɗaukarta ko da jinjiri ya yi barci.
2. Ta ƙi fura, ta ƙi tuwo, tana ramewa.
3. Ba ta marmarin ɗaukar jinjiri ko ba shi nono.
4. Tana cewa ita ba ta da amfani.

Me ke kawo shi? Sauyin da jiki ke yi bayan haihuwa, da rashin barci, da wahalar naƙuda, da kaɗaici. Yana iya samun wuri da damana, sa'ad da kowa ya tafi gona, rumbu ya yi ƙasa, aka bar mai jego da daka da ɗiban ruwa. Haka kuma wadda mijinta ya tafi cin rani.

Abin yi: maigida, zauna ka saurare ta, kada ka yi mata faɗa. Uwar miji da abokiyar zama su ɗauke mata aiki, su riƙe jinjiri ta samu barci. A sanar da ungozoma, a kai ta likita mafi kusa. Can za a duba ko jininta ya yi ƙaranci, a yi mata magana, in ta kama a ba ta magani. Akwai wanda mai shayarwa ke iya sha, saboda haka kada a yaye yaro. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

Amma in ta yi zancen kashe kanta ko cutar da jinjiri, ko tana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, kada a bar ta ita kaɗai. A nemi amalanke ko mota, a kai ta asibitin Tasawa ko na Mayahi ran nan, ba sai an gama arba'in ba.

Ciwon nan yana warkewa. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba uwa lafiyar shayarwa.