Baƙon da Ba Shi da Takarda: In An Kore Shi, Ina Haƙƙinsa?

A kewayen tashar Unguwa Uku da ke Kano, har zuwa Gyaɗi-Gyaɗi da cikin Tarauni, da yawa daga masu gadi da 'yan dako da 'yan ga-ruwa 'yan ci-rani ne daga Maraɗi da Damagaram na ƙasar Nijar. Hausa suke yi, sahu ɗaya ake bi da su a masallaci, ba mai tambayarsu takarda. Sai ranar da aka saɓa da maigida kan kuɗin wata biyu, sannan a ji: "Kai da ko takardar zama ba ka da ita, ina za ka kai ni? Kwashe kayanka!"

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shigowa ba biza, amma na kwana 90. In zai zarce, sai da katin zama daga Hukumar Shige da Fice. Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, ko da yake ECOWAS ta ce a ci gaba da zirga-zirga kafin a tsayar da magana. Dattawa kuma ba su manta da 1983 ba, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi kusan miliyan biyu. Tsoron nasu ba a banza yake ba.

Sai dai rashin takarda magana ce tsakanin baƙo da gwamnati. Ba ya goge bashin gumi. Dokar Ƙwadago ta 1974, da take bayyana wane ne ma'aikaci, ba ta tambayi ƙasarsa ba. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya in bai kai shekara biyu ba, mako biyu har zuwa shekara biyar, daga nan kuma wata guda. In ana son ya tafi yau, a biya shi kuɗin wa'adin. A 2009 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan ma'aikata 'yan ci-rani, wadda sashenta na 25 ya hana ubangida fakewa da rashin takardar yaronsa don ya danne masa haƙƙi. Shi kansa ubangidan, da ya ɗauki baƙo ba izini, ai hannunsa ba wanke yake ba.

Akwai giɓi, kuma babba. Dokar ta 1974 ta ware wanda aka ɗauka ba don harkar kasuwancin maigida ba. Mai gadin shago yana ciki ke nan, mai gadin gida kuwa da wuya, ko da haifaffen Tarauni ne. Abin da ya rage masa shi ne alkawarin da aka yi da baki.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, amma wanda ke gudun jami'an shige da fice ba zai kai kansa gaban alƙali ba. Yawanci a ƙofar mai unguwa ko wurin shugabannin tasha maganar ke ƙarewa, inda abin da ke aiki shi ne shaida: wa ya kawo shi, nawa aka yanka, gaban wa, yaushe aka biya na ƙarshe.