Ƙudan Patagoniya Mai Ruwan Goro: Kamanninsa da Abin da Ya Same Shi

A can ƙarshen kudancin nahiyar Amurka ta Kudu, yankin da ake kira Patagoniya, cikin dazuzzukan Chile da Ajantina masu sanyi da yawan ruwan sama, akwai wani ƙudan fure wanda kunne kan riga ido sanin zuwansa. Ƙugin fukafukansa mai kauri ne, ana jin sa tun daga nesa. Idan ya sauka a kan fure kuwa, sai reshen ya sunkuya. Sarauniyar wannan ƙuda takan kai tsawon santimita 4, kusan girman ƙwayar dabino ke nan, kuma gadon bayanta duk a lulluɓe yake da gashi mai laushi, ruwan goro. Masana suna kiransa Bombus dahlbomii. Wani Bafaranshe, Guérin-Méneville, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1835, ya kuma laƙaba masa sunan Dahlbom, masanin ƙwari ɗan ƙasar Suwidin. Mutanen Chile suna ce masa moscardón, masu bincike kuma sun yi masa laƙabi da ɓera mai tashi. Yana cikin mafiya girma a duk danginsa a duniya.

Dangin nasa, wato ƙudajen bombus, 'yan uwan ƙudan zuma ne, kuma nau'insu ya kai wajen 250. Galibinsu 'yan ƙasashen sanyi ne: Turai, Asiya, Amurka ta Arewa da manyan tsaunuka. Gashin nan da ya cika musu jiki shi ne abin da ke riƙe musu ɗumi. Da sanyin safiya, kafin ƙudan bombus ya tashi, sai ya yi ta karkaɗa tsokar ƙirjinsa ba tare da ya motsa fiffike ba, har zafin ƙirjin ya kai wajen digiri 30, sannan ya ɗaga. Shi ya sa ake ganinsa yana kiwo a ranar da ƙudan zuma ke ƙunshe cikin amya saboda sanyi.

Wani mai karatu zai ce ai ya san shi, ga shi nan kullum yana huda azarar ɗaki ko busasshen reshe, gari yana zubowa. Ba shi ba ne. Kudu da hamadar Sahara babu ƙudan bombus na asali ko nau'i ɗaya. Wannan baƙin ƙato da muke gani a gonar wake da jikin rumfa daga wani dangi yake daban, wanda masana ke kira Xylocopa. Hanyar rarrabe su mai sauƙi ce, a dubi ciki, wato ɓangaren baya na jiki. Na mai huda itace baƙi ne wuluk, yana sheƙi, gashinsa kaɗan ne, ko da ƙirjinsa na da gashi ruwan ɗorawa. Na bombus kuwa gashi ne tun daga ƙugu har ƙarshen wutsiya. Sannan bombus ba ya huda itace. A ƙasa yake gida, sau da yawa a tsohon ramin ɓera ko ƙarƙashin ciyawa, sarauniya ɗaya da 'ya'yanta ma'aikata.

To, mu koma ga ɗan Patagoniya, mu dube shi da kyau. Idan aka kalle shi ta sama, launi ɗaya ne tak: ruwan goro mai duhu, wani lokaci ya ɗan karkata zuwa ja, tun daga bayan kai har wutsiya. Babu zane, babu ɗamara, babu farar wutsiya. Idan ya juya ko ya rataya a jikin fure aka ga ƙasansa, sai a tarar baƙi ne. Ƙafafunsa shida baƙaƙe ne, haka ma fuskarsa, fukafukansa kuma masu duhu ne kamar an turara su. Gashin ƙirjin ya fi cika, na ciki kuma ya ɗan kwanta zuwa baya. Wanda ya tsufa launinsa kan koɗe saboda rana, ya koma fatsi-fatsi, gefen fukafukansa ya yi giɓi-giɓi, wani ma tsakiyar bayansa ya yi sanƙo don yawan shiga da fita a bakin rami. Ma'aikatan ba su kai uwarsu girma ba, kuma su kansu ba girmansu ɗaya ba: waɗanda aka fara ƙyanƙyashewa a farkon kafa gida, lokacin da sarauniya ke ciyar da su ita kaɗai, sukan fito ƙanana sosai. Saboda haka girma kawai ba ya isa shaida. Launin ne abin dogaro.

Mace da namiji kuwa a ƙafar baya ake gane su. Sarauniya da ma'aikata, waɗanda duk mata ne, suna da wani faffaɗan wuri mai santsi da sheƙi a ƙafar baya, dogayen gasu sun kewaye shi. Nan suke danƙara garin fure bayan sun jiƙa shi da ruwan zaƙi, har ya zama dunƙule. Duk ƙudan da aka gani da irin wannan dunƙule a ƙafa, mace ce, babu tantama. Namiji ba shi da wannan kwando, domin ba ya kai wa kowa abinci. Ƙahonninsa na ji sun fi tsawo, gaɓoɓi 13 maimakon 12 na mace, kuma ba shi da ƙari, ba ya harbi. Macen tana harbi, har ma fiye da sau ɗaya, don ƙarinta ba shi da ƙugiya irin ta ƙudan zuma da ke maƙalewa a fata. Sai dai ba ta da saurin fushi. Sai an matse ta ko an taɓa mata gida.

Akwai mai kwaikwayonsa. A dazuzzukan kudancin Chile ana samun wani ƙuda na dangin ƙudan gida, Aneriophora aureorufa, wanda shi ma gashinsa ruwan goro ne, ga shi ba shi da ƙari ko kaɗan. Tsuntsun da ya taɓa shan harbi sai ya kauce masa. Amma ido mai natsuwa zai kama shi: fukafukansa biyu ne, na bombus huɗu, idanunsa sun kusa cinye kan gaba ɗaya, ƙahonninsa kuma 'yan guntaye ne, da ƙyar ake ganinsu.

Wannan sauƙin ganewa ba ƙaramar gata ba ce. A Turai, masana kansu suna shan wahala da ƙudajen bombus, domin nau'o'in da ke zaune wuri ɗaya sukan ɗauki launi iri ɗaya. Akwai wasu guda uku masu farar wutsiya a Birtaniya waɗanda sau da yawa sai an kai ga gwajin ƙwayoyin halitta kafin a ce ga wannan ga wancan. A Patagoniya kuwa, shekaru aru-aru, bombus ɗaya ne tak a dajin. Yaro ma ya san shi.

Yanzu sun zama uku. Na farkon baƙin, Bombus ruderatus, an kawo shi Chile daga Niyu Zilan a farkon shekarun 1980 don ya yi barbarar wata ciyawar dabbobi mai jan fure. Baƙi ne, da zane biyu ruwan ɗorawa a ƙirji, na uku a farkon ciki, ga farar wutsiya da doguwar fuska. Na biyun, wanda ya fi ɓarna, shi ne Bombus terrestris, ɗan Turai. Shi ma baƙi ne, amma zanensa biyu ne kawai, ɗaya a wuya, ɗaya a kan ciki, sai wutsiya fara ko mai ɗan ruwan ƙasa. Fuskarsa gajera ce, sarauniyarsa kuma ba ta wuce santimita 2 da 'yan kai ba.

Tumatir ne ya kai shi can. Furen tumatir ba ya ba da ruwan zaƙi, garinsa kuma a kulle yake cikin wani ɗan bututu, sai an girgiza shi yake zubowa. A fili, kamar gonakin Kadawa, iska da ƙudajen daji sun wadatar. A cikin rumfar noma ta leda ko gilashi kuwa babu iska, har a da sai ma'aikata su riƙa bin furanni ɗaya bayan ɗaya da wata sanda mai karkarwa ta lantarki. Ƙudan zuma bai iya wannan aiki ba, amma bombus ya iya: yakan kama furen da baki, ya karkaɗa tsokar ƙirji, garin ya zubo masa a ciki. Wani likitan dabbobi ɗan Beljiyam, Roland De Jonghe, shi ya gano cewa za a iya kiwon sa a kwali a sayar wa manoma, ya kafa kamfanin Biobest a 1987. Nan da nan sana'ar ta bazu. A 1997 Chile ta fara shigo da kwalayen.

Ƙudan da ke da fiffike ba ya zama inda aka ajiye shi. Sababbin sarauniyoyi suka riƙa ficewa daga rumfuna suna kafa gida a daji. Zuwa 2006 sun ƙetare tsaunukan Andis, an gan su a Ajantina, ƙasar da ita ba ta ma yarda a shigo mata da su ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa suna cin wajen kilomita 200 a shekara, har suka dangana da Tierra del Fuego, ƙarshen nahiyar. Kuma kusan duk inda suka sauka, ba a daɗewa sai mai ruwan goro ya yi ƙaranci, a wurare da dama ma a daina ganinsa.

Dalilan sun haɗu ne. Baƙon yana fitowa da wuri, gidansa ya fi yawan ma'aikata, kuma ba ya zaɓen fure. Sannan ana kyautata zaton ya zo da cututtuka, musamman wasu ƙananan halittu biyu, Apicystis bombi da Crithidia bombi, waɗanda ake ɗauka a kan furen da mai cutar ya sauka. Shi ya saba da su tun a Turai, ɗan gida kuwa bai saba ba. Akwai kuma maganar harshe, wadda a ganina ita ce ta fi nuna yadda siffar jiki ke da nasaba da dajin gaba ɗaya. Harshen dahlbomii dogo ne, ya dace da furanni masu zurfin maƙogwaro irin na chilco, wani ɗan itace mai jajayen furanni da ke rataye suna kallon ƙasa. Yakan shiga ta ƙofa, ya sha, ya fita da gari a jiki ya kai wa fure na gaba. Harshen terrestris gajere ne, ba ya kaiwa. Sai ya zagaya ta gindin furen, ya huda shi da haƙora, ya tsotse ruwan ta nan, bai taɓa garin ba. Wanda ya ɗaga irin wannan fure zai ga 'yar huda a gindinsa, gefenta ya fara bushewa. Furen ya yi asarar ruwansa, ɗan gida kuma ya zo ya tarar da wayam.

A 2016 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya Bombus dahlbomii cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa. Wani ɓangare na abin da aka sani game da inda ya rage, daga hannun mutanen gari ya fito. Wani masanin ƙwari ɗan Chile, José Montalva, da abokan aikinsa sun kafa gangamin Salvemos Nuestro Abejorro, suna roƙon jama'a su ɗauki hoton duk bombus ɗin da suka gani su turo, tare da sunan wurin. Abin ya yiwu ne saboda tambayar ba ta buƙatar digiri: ruwan goro ne duka, ko baƙi mai zane da farar wutsiya? Manomi, ɗalibi da mai yawon daji duk suna iya amsawa, hoton waya kuma ya isa shaida.

Ni dai ban ga laifin manomin tumatir da ya nemi sauƙi ba. Laifin na hukumomin da suka ba da izini ne, suka kuma ci gaba da bayarwa shekara da shekaru bayan ɓarnar ta bayyana, alhali maƙwabciyarsu Ajantina ta nuna akwai wata hanya, inda ake kiwon wani bombus na asalin nahiyar don wannan aikin. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan, ta ɗaya gefen: tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016, asalinta Amurka ta Kudu ce.

Noman rumfa yana ƙaruwa a Najeriya, kuma ba abin mamaki ba ne wata rana wani ya zo da tallan kwalin ƙudan Turai. Kafin a sa hannu a takardar izini, ya kamata hukumomin kula da shigo da tsirrai da dabbobi da jami'o'inmu na aikin gona su fara duba abin da ke gida. Baƙin ƙudan nan mai huda azara shi ma ya iya girgiza fure, kuma yana cikin masu yi mana barbarar wake kyauta. Manomin da ya gan shi a gona ya daina kashe shi, ya kuma guji fesa magani da hantsi, lokacin da furanni suke a buɗe.